Shekarar da Inna ta hana ruwan rijiyar Malam

Na san abin da ake faɗa muku idan an taru biki ko suna a Roni. Ba a faɗa a gabana, amma ana faɗa. Ke Zainab har kin taɓa dawowa da shi a baki kina 'yar firamare, kika tsare ni a kicin kina tambaya wai da gaske ne ni na kashe rijiyar kakanku. Ranar na ce ki matsa ki ba ni wuri, girki nake. To yanzu na ajiye aiki, ɗalibai sun daina buga mini ƙofa, gwiwoyina sun hana ni yawon ƙauyuka, ba ni da sauran girkin da zan fake da shi. Ga yadda abin ya faru. In wani ya sake faɗa muku, ku ba shi amsa, ko ku yi shiru amma da saninku.

A lokacin ina koyar da ilimin sinadarai a jami'a a Kano, ban daɗe da gama digiri na uku ba. Aikina bin sawun abincin shuka ne. Abin da ke cikin taki, na gida ko na zamani, wanda yake sa gero ya yi kore shar, ba duka shuka take cinyewa ba. Ragowar ruwan sama ne yake wankewa, wani ya gangara rafi, wani ya nutse cikin ƙasa. Ni wanda ya gangara nake bi. Duk ƙarshen mako babanku zai kai ni tafkunan wajen Kazaure, in tattare zani in shiga har gwiwa in cika kwalabe, in koma Kano in auna yawan abin da ya gangaro daga gonaki, wanda yake sa gansakuka da kainuwa su rufe ruwa har kifi ya rasa numfashi. Ina son aikin ƙwarai, har yau in na ji warin taɓo raina yana yin fari. Kawunku Sale, yayana, wanda shi ne babba a wurin Inna kuma shi ya riƙe gida bayan rasuwar mahaifinmu, bai taɓa ganin kan abin ba. Shi ya sa mini suna Likitar kududdufi. Da ya hango motarmu zai fara.

"Ga ta nan. 'Ya'yan mutane sun yi boko suna duba marasa lafiya, tamu kwaɗi take dubawa."

Ni kuma in ce masa ai kwaɗin ba sa musu da likita, shi ya sa na zaɓe su. Haka muke da shi tun muna yara, ba ya raga mini, ba na raga masa.

Rijiyar kuwa mahaifinmu ne ya haƙa ta tun kafin a haife ni. Kowa Malam yake ce masa. Kun san ƙasar Roni, dutse ne ta ko'ina, wanda ya haƙa ya tarar da ruwa ya gode Allah, wanda ya samu mai daɗi kuwa ya gode sau biyu. Ta Malam ta zo da ruwa garau, mai sanyi, ba zartsi, kuma ba ta ƙafewa ko bazara ta kai bazara. Ranar da aka gama ɗaure bakinta ya tara mutanen unguwa ya ce ya bayar da ita sadaka, kowa ya ja. Har katanga ya sa aka fasa ta baya aka yi wata 'yar ƙofa, don mata su riƙa shigowa ba sai sun ratsa ta zaure ba. Sannu a hankali sai wata al'ada ta kafu, ba wanda ya san wanda ya fara ta. Duk gidan da aka haihu a unguwar, ruwan da za a ba jariri daga rijiyar Malam ake ɗebo shi har a yi arba'in, ko da suna da tasu rijiyar. Ana cewa ruwan malami ne, yana da albarka, kuma ko ba albarka ya fi kowane tsabta. In ka ga mace ta shigo da sabon tulu, ba sai ka tambaya ba, an haihu.

Da Malam ya rasu, Inna ta mayar da gindin darbejiyar da ke kusa da rijiyar wurin zamanta. Da hantsi za ka same ta a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale, mata na shigowa da tuluna da bokitai. Kowace sai ta durƙusa ta gaishe ta, kuma ba a tashi daga gaisuwar nan sai an sauke labari, wa ta haihu, wa ya dawo daga kudu, ɗan wa ne aka kama a gonar rake. Inna ba ta fita ko nan da can, amma ta fi mai unguwa sanin unguwa. Kuma duk gugan da aka ja, a wurinta lada ne ya tafi kabarin mijinta. Ba wasa take ba in ta faɗa. Takan dubi igiyar tana hawa tana sauka ta ce:

"Malam yana kwance, aikinsa yana tafiya."

A zamanin Malam turken dabbobi yana can ƙuryar gida, nesa da rijiya. Da iyali suka yi yawa aka gina ɗakuna a wurin, turke ya matso. Da Yaya Sale ya sayi shanun huɗa ya ƙara da ragunan kiwo, sai ya ga babu inda ya fi bayan rijiya sauƙi, a ja guga a juye a komi, shi kenan an shayar. Jujin taki ma a nan ya tashi. Ba wanda ya ga aibu a ciki, kuma da rani babu wani aibun da ido zai gani. Amma kun san da an yi shuka ake ɗaure dabbobi a gida don kada su yi ɓarna. Wata da watanni suna tsaye wuri guda, kashi da fitsari suna taruwa, ruwan sama yana dukansu yana nutsewa da su. Kawunku manomi ne na gaske, takin nan yana ji da shi kamar me, ba ya bari a taɓa masa, sai ya ruɓe bazara ta zo a ɗora a mangala a kai gona. Geronsa ya fi na kowa a wajen, har daga Gwiwa ake zuwa neman iri a wurinsa. Ina so ku riƙe wannan, don kada ku ɗauka akwai mugu a labarin. Babu mugu ko ɗaya.

A farkon daminar shekarar ne Talatu, matar Yaya Sale, ta haifi namiji bayan mata a jere. Aka sa masa sunan Malam, shi ya sa kuke kiransa Abba. Inna ba ta iya faɗin sunan, sai ta ce Maigida, kuma tun ranar suna ta ƙwace shi, uwarsa sai dai ta gan shi a hannunta. Ba a daɗe ba Talatu ta kamu da ciwon nono mai tsanani, nono ya ɗauke, dole aka koma madarar gwangwani. Inna da kanta take damawa, ba ta yarda wani ya taɓa. Sai yaro ya fara lalacewa. Ba zazzaɓi, ba wata gudawar kirki, sai dai ya yi laushi, ya daina kuka mai ƙarfi, numfashi sama-sama, leɓɓansa da harshensa su yi duhu kamar toka. Aka kai shi asibiti a Kazaure, ya kwana biyu ya warware, aka dawo gida ana murna. Kafin a ankara ya koma yadda yake. Aka sake kai shi, ya sake warwarewa, aka sake dawowa, ya sake komawa. Nan fa kowa ya kawo tasa. Wasu suka ce iska ce a gidan, wasu suka ce baki ne, don an cika zancen namijin da aka samu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an canza masa ɗaki.

Da na zo na gan shi, hankalina ya tashi ƙwarai. Yana kwance a cinyar Inna kamar tsumma, ido a lumshe. Ni ba likitar mutane ba ce, kawunku ya sha tuna mini, amma abu guda ya tsaya mini a rai. Madarar guda ce a asibiti da gida, gwangwanin ma shi ake tafiya da shi a dawo da shi. Abin da yake canzawa ruwan damawa ne kawai. Na tashi na zagaya madafa. Na tarar da wata tukunya a kan murhu ita kaɗai, tana ta ɓararraka, ruwan ya ƙone ya kusa rabi, gefenta duk ya yi fari.

"Inna, tun yaushe tukunyar nan take kan wuta?"

"Tun asuba. Ruwan Maigida ne, ba na sauke shi. In ya ƙone in ƙara wani a kai. Ba ke kika ce a riƙa tafasawa ba? To ni ban yi ƙyuya ba."

Gaskiya ta faɗa, ni na koya mata, kuma har gobe zan koya wa wani, don tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta. Amma daga inda nake tsaye ina hango bakin rijiya, ina hango shanu a bayanta sun nutse cikin caɓi har idon sawu, wani baƙin ruwa yana tsatsowa daga juji yana kwanciya a jikin ginin rijiyar. Na ɗauko kwalabe a mota, na cika ɗaya daga guga, ɗaya daga tukunya. Na roƙi babanku ya je rijiyar burtsatse da ke bayan makarantar firamare ya ciko jarkoki. Na ce wa Talatu kafin in dawo, da ruwan burtsatsen kaɗai za a dama, a tafasa sau ɗaya a sauke. Inna ta yi kicin-kicin da fuska, ta ce ita ba ta taɓa ganin inda aka tsallake rijiyar Malam aka je ɗebo wa mai sunan Malam ruwan ƙarfe ba. Amma yaro yana hannunta tana jin yadda ya koma, ba ta hana ba.

Gwajin ba shi da wuya. Akwai wani gishiri da yake fita daga taki, mu muna ce masa naitiret. Ana ɗiga wa ruwa wani magani, in yana ciki sai ruwan ya yi ja, gwargwadon yawansa gwargwadon jan. Ruwan tafki da na saba aunawa yakan ɗan sauya ne kaɗan, sai ka ɗaga kwalbar a haske. Na rijiyar Malam ya yi ja sosai. Na tukunyar Inna kuwa ya yi kamar zoɓo. Na zubar na sake. Na kira wata abokiyar aikina na ce ta yi da hannunta, ban gaya mata na ina ba ne, ta yi, ta dube ni ta ce Allah ya sa dai ba sha ake yi ba. Gishirin nan ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Duk hanyar da mutanenmu suke gane ruwa mai kyau, ido da hanci da harshe, ya wuce ta lafiya lau. Babba zai daɗe yana sha bai ji komai ba. Jariri ne ba ya iya ɗauka, don yana hana jininsa ɗaukar iska. Kuma wuta ba ta kashe shi, ruwan ne yake tafiya a tururi ya bar shi a tukunya. Ma'ana duk ƙoƙarin da Inna take yi tun asuba, ƙara masa ƙarfi take. Na zauna a kujerar ɗakin gwajin na yi kuka mai isata, rabi don Abba, rabi don na san abin da zan je in faɗa wa tsohuwar nan.

Da na koma Roni na tarar yaro ya fara dawowa, leɓe ya washe, har yana tsala ihu. Wannan ya sauƙaƙa mini, don ba sai na rantse ba. Bayan la'asar muka zauna a ɗakin Inna, ni da ita da Yaya Sale. Na yi bayani a hankali yadda zan iya. Ban kai ƙarshe ba kawunku ya miƙe, ya je randa ya ciko moɗa da ruwan rijiyar, ya kafa kai ya shanye a gabana, ya goge baki.

"Ga shi na sha. In na faɗi ki sa ni a mota ki kai ni Kano ki auna."

"Kai ba za ka faɗi ba, Yaya. Ko shanunka ba su faɗi ba. Maganar jariri nake."

Inna ba ta kula mu ba. Abin da ya dame ta daban ne.

"To tafasawar fa? Duk wutar da na ƙona?"

"Inna, in miya ta yi gishiri kika bar ta a kan wuta, gishirin raguwa yake ko ƙaruwa?"

Mace ce da ta ƙare rayuwarta a gaban murhu, ba ta buƙatar ƙarin bayani.

"Da hannuna kenan nake ba shi."

Na ce mata ba wanda zai iya sani, ko ni da na karanta sai da na kai Kano na gani. Ban san ko ta ji ni ba. Yaya Sale ya zauna, ya daina musu, don ɗansa ne kuma ya ga sauƙin da idonsa. Ya ce shi kenan, Abba ba zai ƙara shan ruwan ba, turke kuma za a san yadda aka yi da shi. Na fara jin daɗi. Sai ya ƙara da cewa amma maganar nan ta tsaya a ɗakin nan.

"Jariran masu jegon unguwa fa, Yaya?"

"Su ai nono suke sha."

"Suna sha, amma ana ba su ruwa, kuma kowa tafasa shi yake kamar yadda Inna take yi. Nasu bai kai na Abba ba, amma ba zan iya ce maka ba komai ba."

Nan ya ɗau zafi, irin zafin da ban taɓa gani a wurinsa ba. Ba ihu ya yi ba, a hankali ya faɗa, shi ya sa har yau ban manta ba.

"Ke gobe za ki shiga mota ki koma Kano. Mu ne za mu zauna a ce gidan Malam suna shayar da mutane fitsarin shanu. Ni za a nuna a masallaci, a ce ga ɗan da ya gaji rijiya ya ɓata ta. Duk yaron da ya taɓa mutuwa a unguwar nan, daga yau mu ne. Kin auna wannan a kwalbarki?"

Ban auna ba, kuma duk abin da ya faɗa zai iya faruwa. Sai Inna ta ɗago. Ita ba kunya ce ta dame ta ba.

"Kulu, in mutane suka daina ja, ubanki fa? Abin da ya rage yana isa gare shi kenan."

Wannan ta fi ta Yaya zafi a wurina. Na san Malam, na san yadda yake tsayawa ya taya yara jan guga, na san abin da rijiyar take a wurinsa. Na ce:

"Inna, wannan ban karanta shi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani, in aka zo ɗiban ruwan jariri a gabana, ba zan iya kallo in yi shiru ba."

Yaya Sale ya miƙe ya saka takalmansa.

"To ki faɗa. Amma ki sani ke kika yi."

Ban koma Kano ranar ba. Washegari da hantsi na fito na zauna a gefen tabarmar Inna, ba ta ce mini uffan ba bayan gaisuwa. Mata suka yi ta shigowa da bokitan wanki suna fita, ban tanka ba, don wannan ba shi ne ba. Can sai ga Iya Abu, maƙwabciyarmu, sa'ar Inna, ta sunkuyo ta 'yar ƙofar nan da sabon tulu a kafaɗa, bakinta har kunne. Jikarta ce ta haihu shekaranjiya. Suka gaisa, aka yi barka, ta ajiye tulu ta ɗauki guga. Na yunƙura zan tashi. Inna ta dafa gwiwata.

"Zauna. Ba rijiyar mijinki ba ce."

Ta dafa darbejiya ta miƙe da kanta.

"Abu, ajiye gugan nan."

"Lafiya, Inna?"

"Ruwan nan kada a ƙara ba jariri. Takin gidan nan ya sauka a ciki, shi ne yake neman kashe mini Maigida. Ki je burtsatse. Ki biya ki gaya wa Hansai da matar liman, su ma suna da goyo, kada su ji a bakin wani. Manya su sha, a yi wanki, a yi alwala. Amma ban yafe a ba jariri ba."

Iya Abu ta leƙa rijiyar, ta dubi Inna, ta dube ni.

"Ruwa garau haka?"

"Garau haka."

Ta ɗauki tulunta ba komai a ciki ta fita. Inna ta koma ta zauna ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, hawaye suna zuba a kan faifan, ba ta share ba, ni ma ban yi gigin share mata ba. To kun ji. Ni na kawo labarin, kuma da ba ta tashi ba da na tashi, ba na gudun wannan. Amma wadda ta hana ruwan kakarku ce, da bakinta, a tsaye.

Abin da kawunku ya ji tsoro bai faru duka ba, amma rabi ya faru. Ba wanda ya ɗora mana mutuwar ɗansa, Allah ya rufa asiri. Sai dai wannan magana ta "manya su sha" ba wanda ya ji ta. Kafin mako ya fita labari ya zama rijiyar Malam tana da guba. Wasu suka ce maciji ne ya mutu a ciki, wasu suka ce ni ce na zuba maganin Turawa don in gwada karatuna. Masu wanki ma suka ɗauke ƙafa, ciyawa ta fito a bakin 'yar ƙofar. Yaya Sale bai jira kaka ba, cikin ruwan nan ya tayar da turke ya mayar bayan gari, ya kwashe jujin da kansa, bai nemi shawarar kowa ba. Ni kuwa ya daina yi mini magana in ban da amsa gaisuwa. Da na haifi Sadiq bai zo suna ba, ya aiko Talatu. Abin ya yi mini ciwo matuƙa, don na saba da tsokanarsa, gidan ba ya yi mini daɗi in babu ita. Rijiyar ta daɗe kafin ta wanke kanta, don abin da ya nutse a ƙasa ba ya fita a damina guda. Ina aunawa duk zuwa, jan yana raguwa, har ya kai na ce ko jariri zai iya sha. Amma kafin nan an kafa famfon tuƙa-tuƙa a tsakiyar unguwa, yaran da suka san al'adar sabon tulu sun girma ba su gan ta ba, ba wanda ya dawo.

Daga shekarar nan na bar tafkuna na koma rijiyoyin gida, a nan na ƙare aikina. Ba lungun da ban shiga ba daga Roni zuwa Gwiwa, daga Babura zuwa Kanya Babba da Achilafiya. Na leƙa rijiyoyi har na daina tunawa, mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, wasu kuwa ga turke ko masai a jikinsu. Na koyi in fara da tsohuwar gida kafin maigida, in tambayi tukunya kafin in tambayi rijiya, kuma in na zo da labari mara daɗi in zauna a ci tuwo da ni kafin in tafi. Ɗalibaina sun yi ta dariyar wannan, yanzu wasunsu haka suke koya wa nasu. Ban yi suna a duniya ba, waɗanda muka fara tare sun fi ni zuwa ƙasashen waje, amma ban taɓa jin na yi asara ba. Kawunku kuwa, ranar da Abba ya shiga makaranta, sai ga shi a Kano da buhun gero a bayan motar haya, ya tsaya a ƙofa yana cewa a kira masa Likitar kududdufi ta zo ta karɓi na tuwo. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa nema ba, muka ci gaba da faɗanmu har Allah ya karɓe shi. 'Ya'yansa mata da suke faɗa muku abin da suke faɗa, ku bar su. Su ne suka tashi a gidan bayan masu ɗiban ruwa sun ɗauke ƙafa, gida ya yi shiru.

Abu guda ya rage in gaya muku. Da kaka ta yi a shekarar, an gama yankan gero, na je Roni ni kaɗai. Na shiga da hantsi, lokacin da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar bokitai. Na tarar da Inna a gindin darbejiya, ba kowa sai ita da Abba a cinyarta, guga a rataye ya bushe. Na durƙusa na gaishe ta, na zauna.

"Inna, kina fushi da ni?"

"Na yi. Ya wuce."

"Maganar ladan Malam fa?"

"Na aika an tambayi liman, ya aiko da dogon bayani, rabi ban gane ba. Na bar wa Allah. Shi ya san abin da Malam ya nufa da ya haƙa."

Ta dubi 'yar ƙofar.

"Ba wannan ne yake damuna ba yanzu. Hantsi ne yake yi mini tsawo, Kulu. Ba mai shigowa ta ce wance ta haihu."

Wannan ba shi da magani a wurina, kuma har ta rasu bai samu ba. Abba yana ta mutsu-mutsu, ya kama carbinta yana kaiwa baki, yana dukan ƙirjinta da ƙafa. Ta yi ta fama da shi, ta gyara ta wannan hannu, ta mayar ta wancan, har ta gaji.

"Ungo, karɓi Maigidan nan, hannuna ya sage. Ya yi nauyi."

Na miƙa hannu na karɓe shi. Ya yi nauyi kuwa.